Binne Gatari a Bagdadiyya

Na sha jin ku, musamman ku ƙananan, kuna cewa ni ce na rufe shagon tsiren kakanku da ke unguwar Balad a nan Jidda. Ba a gabana kuke faɗa ba, amma kunnena bai tsufa ba tukuna. To, gaskiya ne, daga bakina maganar ta fito. Sai dai ina so ku ji yadda aka yi ta fito, don a lokacin wasunku suna goye, wasunku kuma ba su yi wayo ba.

Kakanku daga Mai Wurno ya taso, can ƙasar Sudan, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Ya kafa tukubarsa a wani lungu cikin Balad yana gasa tsire, wanda mutanen garin nan suke ce wa sire. Da ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, babanku da Baffa Haruna, ya bar musu shago ɗaya da wuƙa ɗaya. Wuƙar nan ta sha wasa har ta rame, ƙotarta naɗe da fata. A shagon kuwa kowa da aikinsa, mai soka nama a tsinke daban, mai yaji daban, mai wuta daban, amma wanda yake riƙe da wuƙar shi ne babba, shi yake yanka, shi ake tambaya. Haka babanku ya riƙe ta shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. Sai hayaƙi ya ci masa ido, shi kuma Baffa Haruna ciwon suga ya sa hannunsa rawa. Dole wuƙa ta sauko hannun yara. Yaran kuwa biyu ne, yayanku, wanda kun san ba na kama sunansa don shi ne ɗana na fari, da Bashir, ɗan Baffa Haruna tilo. Na ce yara, amma kowannensu da gemunsa.

A nan aka yi kuskuren da ba mai yin irinsa sai mu. Babanku ya ji kunyar ya ce ɗansa ya karɓa, yana jiran ƙaninsa ya faɗa. Baffa Haruna ya ji kunyar ya ce nasa ɗan, yana jiran wansa ya faɗa. Kowa yana yi wa kowa kara. Idan na yi wa babanku zancen sai ya ce,

"Ke dai bari, Haruna zai yi magana."

Ita ma faccalata, mahaifiyar Bashir, na tabbata abin da ake faɗa mata ke nan a benen da ke samanmu, don mu muna ƙasa suna sama a gida ɗaya. Wuƙa ta zauna ba mai ita. Wanda ya riga zuwa shago shi yake ɗauka. Samarin nan da suka tashi a faranti ɗaya suka koma rige-rigen fita, kowa yana sauraren ƙarar ƙofar ɗan'uwansa.

Ranar da abin ya faru ina tsintar shinkafa bayan azahar, sai wayar babanku ta yi ƙara. Na ji ya ce "Wane asibiti?" Daga nan ban ƙara fahimtar komai ba. Abin da aka gaya mana daga baya shi ne sun iso tare, kowa ya kai hannu. Bashir ya kama ƙota, yayanku ya kama wajen kaifi. Aka yi cacar baki, Bashir ya fizga da fushi. Maƙwabtan shago suka ga jini suka kira motar asibiti, 'yan sanda suka biyo bayanta. Kafin la'asar ɗaya yana ɗakin tiyata, ɗaya yana tsare. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, amma yatsu biyu na hannun yayanku na dama ba su sake lanƙwasawa ba. Mai yankan tsire kuwa da yatsun nan yake cin abinci.

Sai aka faɗa mana yadda dokar take. Hukuma tana da nata haƙƙin, wannan ba ruwanmu. Amma wanda aka ji wa rauni yana da nasa, kuma idan ya je da ƙafarsa ya ce ya yafe, abin da suke kira tanazul, al'amarin yakan zo da sauƙi. Idan bai yafe ba, ga ɗauri, bayan ɗauri kuma abin da duk baƙo mai zaman iƙama, wato takardar izinin zama, yake tsoro, a sa Bashir a jirgi a kai shi Sudan. Bashir da aka haifa a Jidda, wanda bai san ko hanyar Mai Wurno ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce. Uwarsa ba ta da wani ɗa. Kuma ba babanku ne zai yafe ba, ba ni ba. Yayanku ne kaɗai.

Gidan nan ya zama wani iri. Ina jin tafiyar faccalata a saman kaina, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Idan muka haɗu a matakala sai ta raɓe jikin bango ta ba ni hanya, matar da muke aron gishiri ba sallama. Ba ta taɓa roƙona ba, da ma ta roƙa da ya fi mini sauƙi. Ni kuwa kullum na sauke tukunya sai na zuba kwano na aika sama, kuma idan Baffa Haruna zai je ganin Bashir nakan ƙulla masa abin da yaron yake so. Haka aka tarbiyyantar da ni. Uwa ba ta tsaya wa ɗanta na fari a gaban mutane, ɗan wani take tsaya wa. Duk mai zuwa dubiya idan ya ce yaya mai jiki, sai in ce da sauƙi, in juya zancen in ce a sa Bashir a addu'a. Hannun nan kuwa ko kallonsa ba na iya yi. Sai in shiga kicin in buɗe famfo don kada a ji ni.

Shi yayanku haihuwar nan ne, bai san wannan karatun ba. Wata safiya na kawo masa shayi, ya ɗaga hannun da ke naɗe ya ce,

"Yumma, wannan hannun na ɗan wa ne?"

Na miƙa masa kofin, bai karɓa ba. Ya ce,

"Tun da na dawo ko sau ɗaya ba ki ce in nuna miki ba. Bashir, Bashir, Bashir. Halas, ki je ki fito da shi mana, tunda shi kika haifa."

Na ajiye kofin na fita. Ku da kuke da 'ya'ya yanzu kuna rungumar 'yan farinku a gaban kowa, ba na ganin laifinku, amma ni harshena ba zai iya ba. Abin da na gane a ranar shi ne, duk kalmar da na ƙara faɗa a kan Bashir ƙara nisanta yafiyar take yi. Ga shi an ce ba za a yi ta jira ba, idan takardun suka wuce gaban alƙali zancen ya sake yin nauyi.

To, 'yata Ruƙayya, ƙanwar yayanku, a lokacin tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Safa, cikin nas-nas 'yan ƙasashe daban-daban, Turanci suke yi da juna. Ita ce mai wanke masa ciwon idan ta taso. Ran nan tana naɗa bandeji, ina gefe ina gyaran ganye, sai ta ce,

"Yaya, wata abokiyar aikina ta ce in gaya maka, bury the hatchet."

"Ki yi mini maganar mutane," in ji shi.

"Wai ka binne gatari. Haka masu Turanci suke cewa idan ana so a bar gaba a shirya."

"Ki ce mata na gode. Ita yatsunta nawa?"

Ruƙayya ta ci gaba da naɗa bandejin. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a kunne. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka yi mini aure aka kawo ni nan, amma na san ba a ƙirƙirar magana haka kawai, kowace da inda ta fito. Da ya shiga ɗaki na jawo ta kicin na ce,

"Ke, gatarin wa aka binne?"

"Yumma, magana ce kawai."

"Kafin ta zama magana wani ya yi ta da hannunsa. Duba mini a wayar nan taki da ba ta barin tafinki."

Ta yi dariya ta duba, ta daɗe tana karantawa, sannan ta fassara mini. Ta ce asalin abin ba na Turawa ba ne. Na mutanen da Turawa suka tarar ne a ƙasar Amirka. Su idan ƙabila biyu suka gaji da yaƙi, sai manyansu su taru, a haƙa rami, a kawo gatarin yaƙi a sa a ciki, a mayar da ƙasa, kowa yana kallo. Daga ranar an daina. Turawa suka ga ana haka, suka ɗauki maganar, har ta zama yau ko miji da mata ne suka shirya sai a ce sun binne gatari.

Na ce, "Tsaya. Wa yake kawo gatarin? Wanda aka cuta, ko wanda ya yi cutar?"

Ta sake dubawa. "A nan an ce kowane ɓangare yana sa nasa."

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Yumma."

Na zauna a kan buhun shinkafa. Ashe abin da yake damun yaron nan ke nan, mu duka muka kasa gani. Kowa ya zo sai ya ce masa ya yafe, liman ya ce ya yafe, babansa ya ce ya yafe, ni ma da shiruna abin da nake cewa ke nan. Shi kaɗai ake kai wa bakin rami. Zai ba da yatsunsa, ya ba da sana'arsa, ya ba da haƙƙinsa, sannan Bashir ya fito ya wanke hannu ya koma shago, kuma tunda babu sauran mai iya yanka sai shi, wuƙa ta zama tasa. Wato abin da aka yi faɗan a kansa ya samu ke nan ta hanyar jinin ɗan'uwansa. Wane ɗan Adam ne zai sa hannu a kan wannan? Ban gaya wa kowa abin da na gano ba. Ban ma san me zan yi da shi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baffa Haruna ya zo da manya, yadda ake yi idan ana neman sulhu. Ya sauko daga bene, amma bai shigo kai tsaye ba, sai da ya fita waje ya haɗu da su, suka yi sallama a ƙofa kamar baƙi. Jagoransu Alhaji Tanko ne, dattijon unguwarmu ta Bagdadiyya, wanda ya yi zamani da kakanku. Na dafa gahawa da citta, na zuba a finjali, Ruƙayya ta miƙa tire ta bayan labule, ni kuma na tsaya a nan inda nake jin komai. Kun san al'adar da mutanenmu suka koya a ƙasar nan, masu neman alfarma ba sa taɓa gahawar sai an biya musu buƙata. Idan suka tashi suka bar ta, zumunci ya yanke ke nan, kowa ya shaida.

Alhaji Tanko ya yi salati, ya ce,

"Mai gida, gahawarka ta iso, mun gode. Amma ba za mu sha ba sai ɗanmu ya ba mu abin da muka zo nema."

Babanku ya ce, "Alhaji, ga shi nan. Ni na yafe nawa tun ranar. Saura nasa."

Aka zuba wa yayanku ido. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ina jin carbin wani yana ƙas, ƙas. Ta gefen labule ina hango tiren, tururin yana raguwa. Alhaji ya yi wa'azi mai daɗi, ya kawo falalar yafiya, ya tuna masa su biyun nono ɗaya suka kusa sha. Yayanku kansa a ƙasa, hannun yana kan cinyarsa. Sai na ji motsi, na leƙa. Baffa Haruna ne ya cire hularsa, ya rarrafo da gwiwa, ya ajiye ta a gaban ƙafar ɗan wansa. Mutum mai furfura. Ya ce,

"Ɗana, shi ke nan gare ni. In an kai shi can, gawata ma ba zai gani ba."

Yayanku ya ce, "Baffa, don Allah ɗauki hularka. Wallahi ka fi ƙarfin haka a wurina."

"Ka yafe?"

Yayanku ya ci gaba da kallon hannunsa. Aka jira, aka sake jira. Na ji ɗaya daga cikin manyan ya yi gyaran murya ya ce wa Alhaji magariba ta kusa. Na ga Alhaji ya kai hannu ga sandarsa. A saman kaina kuma tafiyar nan ta tsaya cak, na san tana bakin matakala tana saurare.

Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban maza ba tun da aka kawo ni gidan nan, sai na ji bakina ya ce,

"Alhaji, a gafarce ni, ina da magana."

Babanku ya ce, "Ke!"

Alhaji Tanko ya ce, "Ƙyale ta. Uwa ce. Muna jin ki, Hajiya."

Na riƙe labule. Na ce, "Alhaji, kowa ya zo yana cewa wannan yaron ya ajiye nasa. Ban ji an ce ga abin da ɗaya gidan zai ajiye ba. Hula za a ɗauka a mayar a ka. Yatsu ba za su dawo ba. In ana so ya sa haƙƙinsa a rami, to a kawo na Bashir a sa tare, kowa yana gani."

"Mene ne na Bashir?" in ji Alhaji.

"Wuƙa. In Allah ya fito da shi, kada ya ƙara riƙe wuƙar yanka, ba a shagon nan ba, ba a wani ba. Yadda wannan ya rasa sana'ar, shi ma ya rasa ta."

Ba wanda ya yi motsi, don duk wanda yake ɗakin ya san abin da na faɗa. Babanku ba ido, Baffa Haruna ba hannu, yayanku ba yatsu. In aka cire Bashir, babu shago. Babanku ya ce a hankali, kamar da kansa yake,

"Tukubar Baba fa ke nan."

Na ce, "Na sani, Malam."

Alhaji ya juya ga Baffa Haruna ya ce, "Ka ji. Ɗanka ko shagon ubanka. Kuma in ka amsa, da bakin ɗanka ka amsa, mu ne shaidu."

Har yanzu yana durƙushe. Ya dubi wansa, babanku ya kawar da kai. Na ɗauka zai ce a ba shi lokaci. Sai ya ce,

"Na amsa. Wallahi na amsa. In ya taɓa ta ban yafe masa ba."

Sai kowa ya koma kallon yayanku. Ya ɗago kai, ba su ya kalla ba, labulen ya kalla, daidai inda nake tsaye. Ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki hular da hannun hagu, ya ɗora wa baffansa a ka, ya ce,

"Ku sha gahawarku."

Na ce bari a ɗumama, ta huce. Alhaji Tanko ya ce a'a, haka za su sha ta, kada a je ɗumamawa wani ya sake shawara. Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Daga matakala kuwa sai muka ji kuka ya ɓarke.

Ranar Lahadi ya je da kansa ya yi tanazul. Babanku ya ce jami'in ya tambaye shi ko an tilasta masa, ya ce a'a. Da ya kasa riƙe alƙalami sai ya dangwala babban yatsa. Bashir ya ƙara ɗan zama na haƙƙin hukuma, sannan aka sake shi, ba a fitar da shi daga ƙasar ba. Da ubansa ya gaya masa sharaɗin bai yi musu ba. Ya koma tuƙin motar kai kaya, yayanku ya samu aikin kula da wani sito a wajen tashar jiragen ruwa. Wuƙar kakanku tana wurin hukuma, ba wanda ya je karɓo ta. Shago kuwa kafili, ɗan ƙasar da yake da sunansa a takarda, ya ba wa wasu, yanzu turare ake sayarwa a wurin. Babanku ya yi watanni ba ya yi mini magana sai ta dole, kuma har ya koma ga Allah bai sake bi ta lungun nan ba. In za mu je Balad sai ya sa mai tasi ya zagaya. Wannan na ɗauke shi, kuma har yau ina ɗauke da shi.

Kada ku zaci daga nan suka rungumi juna. Gaisuwa ce kawai a matakala, sama-sama. Har Babbar Salla ta zo, aka kawo mana ragon layya daga mayanka, an feɗe, an ajiye shi a kan tabarmar leda a tsakar falo. Gidan mahauta guda, aka tsaya ana kallon nama, ba mai sa hannu. Bashir yana tsaye a bakin ƙofa, hannayensa a baya. Ruƙayya ta ce ko a kira wani daga waje a biya shi. Yayanku ya ce,

"A gidan nan? Yumma, ba ni wuƙarki ta kicin."

Na miƙa masa. Ya karɓa da hagu, ya durƙusa, ya kama cinya da hannun daman, naman ya zame. Ya sake kamawa, ya sake zamewa. Bai ɗago ba ya ce,

"Bashir. Yalla, zo ka riƙe mini."

Bashir ya dubi ubansa. Baffa Haruna ya ce riƙe nama ba riƙe wuƙa ba ne. Ya zo ya durƙusa, ya dafa cinyar da hannu biyu, can nesa da inda za a yanka.

"Matso da hannunka nan. Ta yaya zan yanka kana riƙe da kofato?"

Ya matso da su, har yatsunsa suna gab da kaifin. Hannun hagun yayanku bai saba da wuƙa ba. Faccalata ta damƙe mini zane ta baya. Bashir ya rufe ido, amma bai janye ba.

Yayanku ya ce, "Buɗe idonka, malam. Ni ma ina kallo aka yi nawa."

Ya buɗe. Yayanku ya yi bismilla, ya sa wuƙa.